Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Daraktan Cibiyar Kwamfuta Game Da Shafin Da Ake Rufewa Bisa Sahu

Zuwa ga Malam Darakta,

Ina neman izininka, ranka ya daɗe, in gabatar da wata magana wadda da jin farko za a ɗauka ƙarama ce, amma wadda na tabbata, in ka yi haƙuri ka bi ni har ƙarshenta, za ka ga ta shafi lokacin mutane da guminsu, su kuwa waɗannan biyu amana ce a wuyan duk wanda aka ba jagorancin wurin aiki. Na zaɓi in rubuta ta a buɗe maimakon in same ka a ofis mu yi ta a tsakaninmu, saboda na san abin da ya same ni yana samun wasu a makarantu da ma'aikatu da yawa, suna haɗiye shi suna shiru, kowa yana zaton sakacinsa ne shi kaɗai. Ban zo da niyyar zargi ba, kuma na san kai mutum ne da ya fahimci cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saboda masu karatun da ba su saba da ɗakin injunanmu ba, abin da nake magana a kansa shi ne wannan baƙar taga da ake kira tamina, wadda ba ta da hoto ba ta da ado, sai wani ɗan haske mai ƙiftawa yana jiran a rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa, ita kuma ta mayar da jawabi da haruffa. A cikin taga ɗaya mutum yakan buɗe shafuka da yawa jere da juna, waɗanda samari ke kira tab, kowane shafi da aikinsa: a wannan yana gyaran rubutu, a wancan ya shiga babbar na'urar da ke ɗakin sanyi ta hanyar ssh, a na uku ya saki wani lissafi mai tsawo wanda ba zai ƙare ba sai bayan sa'o'i. A ido shafukan nan kamarsu ɗaya, tamkar ɗakunan haya masu ƙofa iri guda, kowane da 'yar alamar rufewa a gefen sunansa, alhali kuwa wani ɗakin fanko ne, wani akwai mutum a ciki da tukunya a kan wuta.

A watan azumin da ya wuce wani gidan malamai ya ba mu aron tsofaffin takardunsa, na Larabci da na ajami, domin mu ɗauki hotunansu mu adana, bisa sharaɗin za a mayar da su ranar da mai gidan zai koma garinsu. Muka yi kwanaki muna ɗauka, ganye bayan ganye, wasu sun yi laushi har sai an sa hannu biyu kafin a juya su. Daren ƙarshe, bayan tarawihi, na koma cibiya na shiga babbar na'ura, na saki wani aiki wanda zai bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya gyara haskensu ya tattara su cikin fayil guda, kuma duk hoton da ya tarar ya lalace ya rubuta sunansa a kan allo, domin da safe mu sake ɗaukarsa kafin a zo karɓar takardun. Na tura aikin baya yana gudana, ni kuma ina zaune ina kallon sunayen suna fitowa jefi-jefi, janareta yana ruri a bayan gini, har dare ya raba. Wajen lokacin sahur na so in duba ko saura nawa, na liƙa wani umarni da Ctrl da Shift da V, domin da su ake liƙawa a tamina, sai na ga kalmar ƙarshe ba daidai take ba, na nufi in share ta da Ctrl da W kamar yadda hannuna ya saba shekara da shekaru, ashe ɗaya yatsan bai ɗaga daga kan Shift ba. Shafin ya ɓace. Babu tambaya, babu gargaɗi, babu ko ƙara. Na sake shiga da sauri jikina yana rawa, na tarar aikin ya mutu, fayil ɗin da yake tarawa ya tsaya rabi ba ya buɗuwa, jerin sunayen hotunan da suka lalace kuwa, wanda bai taɓa zama ko'ina ba sai a kan allon wannan shafi, ya tafi tare da shi. Na sake sakin aikin daga farko, amma kafin ya kai inda ya tsaya hantsi ya yi, mai takardu ya zo da motarsa a ƙofa, ni kuwa ba ni da fuskar da zan ce masa ya ƙara kwana. Har yau akwai ganyaye a cikin wannan tarin da hotonsu ba ya karantuwa, takardun kuma suna can nesa a cikin gafakarsu.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa ɗan motsin yatsa zai iya yin wannan ɓarna, sai na ga lallai a koma ga asalin abin. A zamanin da kwamfuta ɗaya take cika ɗaki, masu aiki da ita suna zaune nesa da ita ne, kowa a gaban wani keken rubutu mai lantarki irin Teletype Model 33 da ya fito a 1963, wasunsu ma ta wayar tarho suke haɗuwa da ita. A cikin tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969, an kafa ƙa'ida cewa idan layi ya katse, a aika wa ayyukan da ke rataye da wannan layi wani saƙo mai suna SIGHUP, wanda shi ne mai lamba 1 a jerin irin waɗannan saƙonni, ma'anarsa kuwa an kife kan tarho; duk aikin da bai yi tanadin kansa ba, da jin wannan saƙo sai ya mutu nan take. Hikima ce a lokacinta, domin na'ura ɗaya ce mutane da yawa suke rabawa, bai kamata aikin wanda ya tafi ya ci gaba da cinye rabon waɗanda suke nan ba, kuma bai kamata wanda ya bugo waya daga baya ya faɗa cikin zaman wanda ya riga shi ba. Tagar da muke buɗewa yau kwaikwayon wancan keken rubutu take yi, shi ya sa rufe shafi a wurinta daidai yake da kife tarho, ko da yake tarhon ya daɗe da barin ɗakin. Akwai kuma abu guda da mutanen wancan zamani suka fi mu: kekensu a kan takarda yake buga jawabi, in layi ya katse takardar tana nan a naɗe a gabansu. Tun da aka koma ga allon gilashi irin VT100 na 1978, har zuwa tagogin yanzu, abin da ya bayyana a kan allo na wucin gadi ne, da an rufe shafin sai ya bi iska.

Ranka ya daɗe, na ji abin da wasu ma'aikata sukan ce idan ɗalibi ya zo musu da irin wannan kuka, wato ai shi ya danna, na'ura abin da aka ce mata ta yi. Wannan magana ita ce nake so mu auna da ma'aunin da muka gada. Malamanmu na fiƙihu tun can sun rarrabe tsakanin amdu da sahu, wato abin da mutum ya yi da gangan da abin da ya kuɓuce masa, kuma duk yaron da ya karanta Ahalari a zaure ya san irin faɗin da aka ba babin sahu a cikinsa, ya san ƙabli domin ragi, ba'adi domin ƙari. Ba a ce wa wanda ya manta zaman tahiyar farko sallarsa ta ɓaci ya je ya nemi wata ba, an buɗe masa ƙofar gyara ne, saboda an san ɗan Adam da mantuwa aka halicce shi, kuma mafi yawan sahu yakan sami wanda ya saba ne, wanda gaɓoɓinsa suka riga hankalinsa. Wani masani Ba'amurke, Donald Norman, ya kai ga irin wannan rarrabewa ta tasa hanyar a littafin da ya fitar a 1988 kan tsarin kayan amfanin yau da kullum, inda ya bambanta kuskuren niyya da zamewar hannu, ya kuma nuna cewa gwani ya fi sabon shiga faɗawa cikin zamewar, domin sabon shiga yana duban kowane madanni kafin ya taɓa shi. To idan haka ne, cewa a riƙa kula ba magani ba ne, tunda wanda ya fi kowa ƙwarewa shi ya fi kusa da ramin.

Ramin kuwa a bakin hanya aka haƙa shi. Ctrl da W a cikin tamina share kalma ɗaya yake yi, a manhajar shiga intanet kuwa rufe shafi yake yi, mutum ɗaya da yatsu ɗaya yana kai da komowa tsakanin biyun sau ɗari a yini. A kwamfutocin Apple, Cmd da W yana rufe shafi, Cmd da Q yana rufe manhajar ɗungurungum da dukan shafukanta, harufan biyu kuwa maƙwabtan juna ne a kan allon madannai, babu ko tsinke a tsakaninsu. A wasu tagogin ma danna tsakiyar linzami a kan sunan shafi ya isa ya rufe shi, alhali da wannan tsakiyar linzamin ne mutanen Linux suka saba liƙa rubutu.

Roƙona na farko shi ne a duba saitin tagar da ke kan injunan cibiya, a mayar da tambayar tabbatarwa kafin rufewa, wadda na gano daga baya cewa a kashe take a kan injin da na zauna a wancan dare. Sai dai a nan akwai wurin da nake so a tsaya a yi nazari, domin tambayar da ake yi kullum ita da rashin tambaya duk ɗaya ne. Na taɓa tsayawa a bayan wata ɗaliba a wani ɗakin gwaji inda aka sa tagar ta riƙa tambaya a kowane rufewa, ko akwai aiki ko babu. Na ga ɗan akwatin ya fito, kafin in karanta layin farko ta riga ta buga Enter ya wuce, ko kallonsa ba ta yi ba, domin ta gan shi sau dubu, sau dubun nan kuma babu komai a bayansa. Sabo ya mayar da dannawa biyu ta zama ɗaya. Ranar da akwatin zai faɗi gaskiya mai muhimmanci, hannunta zai wuce shi kamar yadda ya saba. Saboda haka tambayar da nake roƙo ita ce wadda ba ta fitowa sai da dalili: idan babu abin da ke cikin shafin sai shel, wato manhajar da ke karɓar umarni, yana zaman jira, a rufe shi shiru, idan kuwa akwai aiki mai gudana, ko zaman ssh a buɗe, ko rubutun da ake gyarawa, to a tsaya, a ambaci sunan aikin ƙarara, a kuma sa zaɓin da Enter zai faɗa a kansa ya zama fasawa, ta yadda wanda yake nufin rufewa da gaske sai ya miƙa hannu ya zaɓa. Wannan ba sabon abu ba ne da za a ƙirƙiro. GNOME Terminal da Konsole duka suna tambaya idan akwai aiki a gaba, tagar da ke zuwa da kwamfutocin Apple kuwa ta ba da zaɓi uku, a tambaya kullum, ko kada a tambaya sam, ko kuwa sai in akwai wani aiki ban da shel da waɗanda mutum ya lissafa da kansa. Abin da ya kamata masu saitin su gwada da hannunsu kafin su ce sun gama shi ne aikin da aka tura baya, domin wata tagar aikin da ke gaba kaɗai take dubawa, wanda ke baya ba ta ganinsa, shi kuwa sau da yawa shi ne mai tsawon.

Amma ko tambaya mai dalili ba ta kai inda zuciyata take so a kai ba, domin har yanzu tana dogara ne ga hankalin mutum a daidai lokacin da hankalin ba ya wurin. Jef Raskin, wanda shi ya fara aikin Macintosh, ya yi dogon bayani a littafinsa na shekarar 2000 kan yadda sabo yake cinye kowane gargaɗi, ɗansa Aza Raskin kuma ya rubuta maƙala a 2007 yana mai cewa duk inda za a iya ba mutum damar warware abin da ya yi, to damar ta fi gargaɗi. Da na karanta wannan sai na ga abu ne da muka sani tun muna yara ta wata fuska mafi girma. Ba ina daidaita al'amarin aure da na na'ura ba, Allah ya kiyaye, amma hikimar da ke cikin saki na kome abar lura ce ga duk mai tsara wa mutane hanya: kalma ta fita, hukuncinta ya hau, duk da haka an bar idda a tsakani, domin wanda ya yi cikin fushi ko gaggawa ya sami lokacin da hankalinsa zai dawo, igiya ba ta tsinke gaba ɗaya ba sai wa'adin ya cika. Mutum yakan gane zamewar hannunsa ne bayan ta auku da ƙiftawar ido, ba kafin ta auku ba. Ni kaina kafin shafin ya gama ɓacewa daga allo na riga na san abin da na yi, da an ba ni sakan biyar da na ceci aikin dare guda. Wannan ma akwai shi a aikace. Manhajar iTerm2, wadda George Nachman yake kula da ita, idan an rufe shafi ba ta kashe abin da ke cikinsa nan take, tana ɓoye shi ne da ransa na sakan 5, ko iya adadin da mutum ya saita, in ya nemi warwarewa sai shafin ya dawo da aikinsa yana gudana kamar ba a taɓa shi ba. Gmail ma tana riƙe wasiƙar da aka aika har zuwa sakan 30 domin mai ita ya iya janye ta. A lura kuma da bambanci: manhajar shiga intanet idan ta dawo da shafin da aka rufe, adireshin kawai take sake buɗewa, tamina kuwa ba ta da adireshin da za ta koma, aikin da ya mutu ya mutu, don haka dole jinkirin ya kasance kafin kisan.

Na san tagogin da ke kan injunanmu na Linux ba cibiya ce ta rubuta su ba, amma buɗaɗɗu ne, kowa yana da izinin karanta asalinsu ya gyara ya miƙa wa masu kula da su. Kowace shekara ɗalibanmu na ajin ƙarshe suna yawo suna neman abin da za su yi aikin kammalawa a kansa, da yawansu kuma sukan ƙare da gina abin da babu wanda zai sake buɗewa bayan an ba su maki. Da za ka sa albarka a ba biyu ko uku daga cikin masu himma wannan aiki, ƙarƙashin malamin da ya san harkar, su ƙara wa ɗaya daga cikin tagogin nan wa'adin kome, su aika wa masu ita, ko an karɓa ko ba a karɓa ba sun koyi yadda ake aiki da mutanen duniya, mu kuma mun sami abin sawa a kan injunanmu.

Akwai hujjar da za a iya kawowa a kan wannan, kuma hujja ce mai nauyi wadda ba zan ɓoye ta ba. Injunan cibiya na tarayya ne, wannan ya tashi wancan ya zauna, kujerar ma ba ta huce ba. Idan shafin da aka rufe yana nan da rai a ɓoye, kuma a cikinsa akwai zaman ssh na wani, ko ikon mai gudanarwa, to wanda ya zauna daga baya zai iya dawo da shi ya shiga inda ba a ba shi izini ba, wato dai matsalar da mutanen zamanin tarho suka guje wa ta dawo ta taga. Haka kuma idan aka ce a riƙa rubuta duk abin da ya bayyana a allo a kan faifai, to wata rana sirrin wani zai kwana a inda bai sani ba. Jawabina shi ne wa'adin ya zama gajere, sakanni kaɗan, ya kuma faɗi nan take da mutum ya fita daga asusunsa ko ya kulle allo. Adana abin da ke allo kuwa ya zama zaɓin mai aiki, a cikin jakarsa shi kaɗai. Har ila yau wanda ya buga exit da hannunsa, harafi huɗu da Enter, ya bayyana niyyarsa, babu buƙatar a jinkirta masa.

Roƙon da ya fi sauƙi, wanda za a iya zartarwa cikin mako guda ba tare da an kashe ko kwabo ba, ya shafi babbar na'ura ne. Tun 1987 akwai manhajar Screen, wadda Oliver Laumann ya fara a Balin ta Jamus, a 2007 kuma Nicholas Marriott ya fito da tmux, aikinsu kuwa ɗaya ne: su shiga tsakanin taga da ayyukan mutum, ta yadda in taga ta rufe, ko layi ya katse, saƙon kife tarho ba ya kai wa ga ayyukan, suna nan suna gudana, mai su ya dawo ko daga wani inji ne ya sake manne musu ya tarar da allonsa yadda ya bar shi. Da a cikin tmux na saki aikina a wancan dare, da wannan wasiƙa ba ta da labarin bayarwa. Na san da ita, amma gajiya da gaggawa suka sa na ce aikin dare ɗaya ne, wannan kuwa shi ne dalilin da ya sa nake roƙon kada a bar abin ga tunawar mutum: a saita babbar na'ura ta yadda duk wanda ya shigo ta ssh zai sami kansa a cikin tmux kai tsaye, wanda ba ya so shi ne zai nemi fita. A wurinmu amfanin wannan ya wuce maganar zamewar yatsa nesa, domin kai ma shaida ne sau nawa a yini ake ɗauke wuta, injunan ɗakin ɗalibai su mutu kafin janareta ya kama, alhali babbar na'ura tana kan batir ba ta ji komai ba, amma ayyukan da ke kanta sun mutu saboda layinsu ya katse. Ga kuma wanda yake shigowa daga gida da datar wayarsa, sabis yana zuwa yana tafiya. Iyakarta dai a faɗa wa mutane gaskiya, cewa in babbar na'urar kanta ta mutu tmux ba ta da abin da za ta yi, don kada su ɗauke ta layar da ba ita ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ma'aikacinka ɗaya zai gama kafin azahar. Shel ɗin bash yana riƙe umarnan da aka buga a ƙwaƙwalwa ne, sai zai fita yake rubuta su a fayil, saboda haka in wuta ta ɗauke sukan tafi. Layi ɗaya a cikin saitin kowa da kowa ya isa ya sa a rubuta kowane umarni da zarar an buga shi. A darasin farko da ake koya wa sababbin ɗalibai tamina, kafin a kai ga dabaru masu burgewa, a nuna musu nohup wanda yake kare aiki daga saƙon kife tarho, a nuna musu tee wanda yake zuba jawabi a allo da fayil lokaci guda, a nuna musu cewa vim, manhajar gyaran rubutu, yakan bar fayil na ceto wanda ake dawo da rubutu daga gare shi, a kuma sa kowannensu ya saki aiki ya rufe shafin da hannunsa ya ga abin da zai faru, domin wanda ya ga mutuwar aikin minti ɗaya a aji ba zai jira sai ya ga ta aikin wata guda ba. Idan kuma ɗalibanmu sun kai ga taɓa asalin tagar, to su fassara kalmomin gargaɗin da Hausa mai kyau, wadda take faɗin abin da zai mutu da sunansa, domin na lura ido yakan zame a kan baƙon harshe a lokacin gaggawa, harshen uwa kuwa yakan tsayar da shi.

Ban rubuta wannan domin a dawo mini da abin da ya wuce ba, na riga na aika wa mai takardun saƙo, ya kuma yi alkawarin in Allah ya kai mu bayan damina zai sake ba mu aron ganyayen da suka rage. Abin da nake so shi ne kafin su iso, kuma kafin ɗaliban bana su shiga watannin rubutun kammalawa, lokacin da ɗakin injuna yake cika har asuba da mutanen da ba su yi barci ba, a ce an duba waɗannan saituna. In ka ga dama ka sa a kira ni, zan zo in zauna da ma'aikatanka mu bi injunan ɗaya bayan ɗaya, in nuna musu daidai inda yatsana ya zame.

 

Naka mai girmama ka,
Wani malami daga sashen adana tsofaffin takardu